Shin jini zai iya tona asirin ciwon zuciya tun kafin ya zo?

Zuciyar babban mutum mai lafiya tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya idan yana zaune yana hutawa. Mu ɗauki 70 mu yi lissafi irin na aji: 70 sau 60 sau 24 zai ba mu 100,800. Ke nan a wuni da kwana ɗaya zuciya kan buga fiye da sau dubu ɗari, ba hutun ƙarshen zango, ba hutun ƙarshen mako. Kuma kowane bugu yakan zo a kan lokacinsa, tamkar kiɗan ƙwararren makaɗi.

Akwai wani ciwo da ke ɓata wannan tsari. Likitoci na kiran sa AF a taƙaice, mu kuma a nan za mu kira shi karkarwar zuciya, domin ɗakunan sama na zuciya ne ke daina matsawa yadda ya kamata su koma karkarwa. Shi ne ya fi yawa a cikin cututtukan rikicewar bugun zuciya da ke daɗewa a jikin mutum. Wasu masu fama da shi kan ji faɗuwar gaba, ko haki, ko jiri, ko kasala. Wasu kuwa ba sa jin komai, sai ranar da ɓarin jikinsu ya shanye sannan a gano abin da ke ɓoye. Wannan ne ya sa masana suka daɗe suna tambaya: shin akwai wata alama a cikin jini da za ta nuna wanda zai kamu da ciwon shekaru kafin ya bayyana? Bari mu bi sawun wannan tambaya tare da ku, ƙannenmu.

Ɗaki huɗu, makaɗi ɗaya

Duk wanda ya yi darasin bayoloji ya san zuciya tana da ɗaki huɗu, biyu a sama, biyu a ƙasa. Na sama su ke karɓar jinin da ya dawo, na ƙasa kuma su tura shi zuwa huhu da sauran sassan jiki. Abin da ke ba su umarnin matsawa wutar lantarki ce ƙarama da zuciyar ke samar wa kanta. A bangon ɗakin sama na dama akwai wani ɗan curin ƙwayoyin halitta da ke fitar da wannan wuta, shi ne shugaban makaɗa. Wasu masana biyu a Ingila, Arthur Keith da Martin Flack, su ne suka bayyana shi a 1907.

Idan karkarwar zuciya ta kama mutum, sai umarni ya riƙa fitowa daga wurare barkatai, musamman daga bakin jijiyoyin da ke kawo jini daga huhu zuwa ɗakin sama na hagu. Ɗakunan sama kan samu saƙo sau 300 zuwa 600 a minti ɗaya. Ku kwatanta ajin da kowa ya miƙe ya zama monita, kowa na ba da umarni, ba mai sauraren wani. Da duk waɗannan saƙonni za su wuce zuwa ɗakunan ƙasa, da mutum bai rayu ba. Sa'ar da aka yi ita ce akwai wani curin a tsakanin sama da ƙasa da ke aiki kamar mai gadin ƙofa, yana barin kaɗan su wuce. Sai dai waɗanda ke wucewar ba su da tsari, shi ya sa bugun da za a ji a wuyan hannun mai ciwon yakan yi sauri, ya ɗan tsaya, ya sake ɓarkewa.

Na'urar da ke zana wutar zuciya a kan takarda, wadda ake kira ECG, wani masani ɗan ƙasar Holan mai suna Willem Einthoven ne ya inganta ta a farkon shekarun 1900, har ya samu lambar yabo ta Nobel a 1924. Har gobe da ita ake tabbatar da ciwon. Matsalar ita ce karkarwar kan zo ta tafi. Mutum zai iya kwanciya a yi masa gwajin da safe a ga komai lafiya, da dare kuma zuciyar ta rikice.

Inda haɗarin yake

Ruwan da ke gudu ba ya yin gansakuka, na kududdufi ne ke yi. Haka jini yake. Idan ɗakunan sama suka daina matsawa sosai, jini yakan kwanta a wani ɗan aljihu da ke jikin ɗakin hagu, ya daskare ya zama guda. Ranar da gudan ya ɓalle, zai iya bin jijiya ya tafi ƙwaƙwalwa ya toshe hanya, sai ɓarin jiki ya shanye. Wani sanannen bincike da aka wallafa a Amurka a 1991 ya nuna cewa mai karkarwar zuciya ya fi wanda ba shi da ita haɗarin shanyewar ɓarin jiki har kusan ninki biyar.

Akwai magungunan hana daskarewar jini da ke rage wannan haɗari ƙwarai. Ɗaya daga cikin tsofaffinsu, wafarin, yana da tarihi mai ban mamaki. A shekarun 1920 shanu sun riƙa mutuwa da zubar jini a Amurka da Kanada bayan sun ci ruɓaɓɓiyar harawa. Masana a Jami'ar Wisconsin suka gano sinadarin da ke jawo hakan, aka fara sayar da wani dangin sa a matsayin maganin ɓera a 1948, sannan a 1954 aka amince a ba mutane shi bisa awon likita. To, tunda magani yana nan, babban aikin shi ne gano mai ciwon da wuri. Nan ne maganar jini ta shigo.

Me ke yawo a cikin jini?

Babban mutum yana da jini kimanin lita biyar. Bayan jajaye da fararen ƙwayoyin jini da muka haddace don jarrabawa, akwai dubban ƙananan sinadarai da ke yawo a cikin ruwansa. Su ne abin da ke fitowa idan jiki ya sarrafa abinci, ya ƙona shi don samun ƙarfi, ya gina tsoka, ko ya rushe tsofaffin ƙwayoyin halitta. Masana na kiran su metabolait. Wasu mun san su: sukarin da ake aunawa ga mai ciwon suga, kwalastarol, da yurik asid wanda yawansa ke kawo wani irin ciwon gaɓoɓi. Wasu kuma hanta ce ke haɗa su, wasu ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a hanjinmu ne ke samar da su.

Wanda ya shiga madafa bayan an gama girki, ko bai ga tukunya a kan wuta ba, zai iya gane abin da aka dafa daga ɓawon albasa, ƙashin kifi, toka da ƙamshin da ya rage. Haka waɗannan sinadarai suke ga mai bincike. Ƙwayoyin gadon da muka samu daga iyaye ba sa canzawa, amma sinadaran jini suna canzawa da abin da muka ci, da barcinmu, da motsa jikinmu, da lafiyar hanta da ƙoda. Shi ya sa ake sa ran za su ba da labarin halin da jiki ke ciki a yanzu.

Da can sai a auna sinadari ɗaya ko biyu. Yanzu akwai na'urori iri biyu da ke auna ɗaruruwa daga 'yan ɗigon jini. Ɗaya tana rarrabe sinadarai bisa nauyin ƙwayoyinsu, ɗayar kuma tana amfani da maganaɗisu mai ƙarfin gaske. Dabarar ta taɓa yin abin a zo a gani a fannin ciwon suga: a 2011 masana a Amurka suka nuna cewa yawan wasu amino asid guda biyar a jini yana nuna wanda zai kamu da ciwon suga har shekara 12 kafin ya bayyana. Ganin haka sai masu binciken zuciya suka ce su ma bari su gwada.

Jinin da ya shekara ashirin a firiza

Ta yaya za a san abin da ke cikin jinin mutum kafin ya kamu da ciwo, alhali ba a san wanda zai kamu ba? Dabarar tana buƙatar haƙuri. Ana tara dubban mutane masu lafiya, a ɗebi jininsu a adana a firiza mai tsananin sanyi, sannan a yi ta bibiyar lafiyarsu shekara da shekaru. Idan wasu suka kamu da ciwon, sai a ciro tsohon jinin a kwatanta nasu da na waɗanda ba su kamu ba.

Uwar irin wannan bincike ita ce ta garin Framingham da ke jihar Massachusetts a Amurka. An fara ta a 1948 da mutum 5,209, daga baya aka shigar da 'ya'yansu da jikokinsu. Daga nan ne aka samu adadin ninki biyar da muka ambata, daga nan kuma aka lissafa a 2004 cewa a cikin mutanen da suka kai shekara 40, kusan ɗaya cikin huɗu zai gamu da karkarwar zuciya kafin ƙarshen rayuwarsa.

Akwai wani binciken mai suna ARIC da aka fara a 1987 a yankuna huɗu na Amurka. A 2015 masanansa suka wallafa sakamakon awon jinin baƙaƙen fata 1,919 da aka ɗiba tun ƙarshen shekarun 1980. A cikin fiye da shekara ashirin da aka yi ana bibiyar su, 183 sun kamu da karkarwar zuciya. Da aka duba, sai aka ga waɗanda jininsu ke da yawan wasu sinadarai biyu daga dangin ruwan matsarmama sun fi kamuwa. Wannan ruwa hanta ce ke haɗa shi don narkar da maiƙo, bakteriyar hanji kuma ta ƙara sarrafa shi. Wa zai yi tsammanin hanta da hanji suna da ta cewa a kan bugun zuciya?

Shekara guda bayan haka, a 2016, sai masanan Framingham suka fito da nasu. Sun auna sinadarai 217 a jinin mutum 2,458, dukkansu Turawan asali, suka bi su shekara goma, 156 suka kamu da ciwon. Sakamakon: ko sinadari ɗaya bai tsallake ma'aunin da suka gindaya ba. A 2020 kuma wani bincike a kan tsofaffin Amurka ya duba wasu nau'o'in maiƙo da ake kira seramaid. Ya gano cewa masu gajeriyar sarƙa suna tafiya da ƙarin haɗari, masu doguwar sarƙa sosai kuma da raguwarsa. Dangi ɗaya, hali biyu.

Tarkon lissafi

Me ya sa bincike ɗaya zai samu abu, wani kuma ya tashi hannu rabbana? Dalili na farko mutanen ne: shekarunsu, abincinsu da asalinsu sun bambanta, na'urorin ma ba sinadarai iri ɗaya suke aunawa ba. Dalili na biyu lissafi ne, kuma ɗan aji huɗu na sakandare zai iya gane shi.

A al'adar bincike, ana karɓar sakamako idan yiwuwar ya faru bisa katari bai wuce ɗaya cikin ashirin ba. Wannan ya yi daidai idan tambaya ɗaya aka yi. Amma wanda ya gwada sinadarai 217 ya yi tambaya 217 ke nan. Raba 217 da 20, za ka samu kusan 11. Ma'ana, ko da babu sinadarin da ke da wata alaƙa da zuciya, kusan goma sha ɗaya za su fito kamar suna da ita, don katari kawai. Kamar ɗalibin da bai yi karatu ba ne ya shiga jarrabawar canki-canka: idan tambayoyin suna da yawa, dole ya dace da wasu.

Don kauce wa wannan tarko, masanan Framingham sun raba 0.05 da 217, suka samu 0.00023, suka ce sai sinadarin da ya tsallake wannan ƙunƙuntar ƙofa za su yarda da shi. Babu wanda ya tsallake, kuma suka fito suka faɗa wa duniya haka. Wannan ma sakamako ne mai daraja, domin ya hana wasu ɓata kuɗi da shekaru a kan hanyar da ba lallai ta ɓulle ba.

Shamuwa da damina

A ƙasar Hausa idan aka ga shamuwa ta sauka a kan bishiyoyin gari, manomi ya san lokacin gyaran gona ya yi. Amma ba wanda zai ce shamuwa ce ke kawo ruwa, kuma korar ta ba za ta hana damina sauka ba. Sinadarin jini ma zai iya zama shamuwa. Misali, an sha ganin cewa masu yawan yurik asid sun fi kamuwa da karkarwar zuciya. Sai dai masu yawan yurik asid sau da yawa su ne masu ƙiba, masu hawan jini ko masu raunin ƙoda, waɗanda kowannensu kan wahalar da zuciya. Kafin a ce sinadari shi ne sanadi, sai an tace duk waɗannan, an kuma gwada a ga ko rage shi zai rage ciwon.

Man kifi ya koya wa masana darasi a nan. An daɗe ana ɗaukar sa a matsayin abokin zuciya, amma manyan gwaje-gwaje biyu da aka kammala a 2018 da 2020 sun nuna cewa waɗanda aka ba ƙwayoyin man kifi masu yawa kullum sun ɗan fi sauran kamuwa da karkarwar zuciya. Saboda haka duk mai tallan da ya ce ƙwayarsa tana wanke jini ta gyara bugun zuciya, a tambaye shi inda aka gwada ta da kuma a kan mutum nawa.

Shamuwa dai tana da amfaninta ko ba ita ke kawo ruwa ba. A yanzu alamar jinin da ta fi nuna haɗarin wannan ciwo wani ɗan guntun furotin ne da zuciya ke fitarwa idan bangonta ya miƙe saboda wahala, ana kiran sa NT-proBNP. Masana a Japan ne suka fara gano danginsa a 1988, kuma a cikin ƙwaƙwalwar alade suka same shi. Duk wani sabon sinadari da ke son shiga asibiti sai ya nuna cewa ya ƙara wani abu a kan wannan, da kuma a kan abubuwan da likita ke iya sani da tambaya da awo mai sauƙi: shekaru, nauyi, tsayi, hawan jini, ciwon suga da shan taba. Har yanzu awon ɗaruruwan sinadarai don hasashen karkarwar zuciya aikin ɗakin bincike ne, bai zama gwajin yau da kullum a asibiti ba.

Mu a nan gida fa?

Yawancin waɗannan bincike a Amurka da Turai aka yi su. Rumbun UK Biobank na Birtaniya kaɗai ya tara jinin mutum kusan 500,000 tsakanin 2006 da 2010, mafi yawansu Turawa. Tunda sinadaran jini suna bin abinci da yanayin rayuwa, ba za a ɗauki ma'aunin mai cin cuku da burodi a ɗora wa mai cin tuwon dawa da miyar kuka ba tare da an gwada ba. Wannan giɓi ne da ke jiran masanan Afirka, kuma wasunsu suna zaune a aji yanzu haka suna karanta wannan shafi.

Akwai kuma bambanci babba da ya shafe ku kai tsaye. A Turai karkarwar zuciya ciwon tsofaffi ne. A nahiyarmu tana kama matasa ma, ta wata hanya da ke farawa da ciwon maƙogwaro. Wata bakteriya mai suna sitireb takan kama maƙogwaron yara, musamman 'yan shekara 5 zuwa 15. Idan ba a magance ta ba, garkuwar jikin wasu yaran takan rikice ta afka wa ƙyauren da ke tsakanin ɗakunan zuciya. Ƙyauren ya ƙanƙance ko ya riƙa yoyo, ɗakin sama na hagu ya kumbura, daga nan sai karkarwa. Binciken REMEDY da aka wallafa a 2015 ya duba masu irin wannan ciwo 3,343 a ƙasashen Afirka 12, ciki har da Najeriya, da kuma Indiya da Yaman. Rabinsu ba su wuce shekara 28 ba, kuma fiye da ɗaya cikin biyar suna da karkarwar zuciya. Maganin da ke tare wannan hanya tun daga bakinta, wato fenisilin, tsoho ne kuma mai araha.

Abin da ke hannunmu

Na farko, mu koyi jin bugun jini. A zauna a huta minti biyar, a ɗora yatsa manuniya da ta tsakiya a cikin wuyan hannu ta gefen babban yatsa, a ƙirga na minti ɗaya cur, ana lura da tsarin bugun. Ga matasa, bugu yakan ɗan ƙara sauri idan an ja numfashi, ya ragu idan an sauke, wannan lafiya ce. Abin dubawa shi ne bugun da ba shi da tsari ko kaɗan. Idan kun iya, ku gwada wa Baba da Inna da su Kaka. In kun ji abin da bai kwanta muku ba, ku roƙe su cikin ladabi su je asibiti a yi musu ECG. Yatsa tana nuni ne kawai, likita ke yanke hukunci.

Na biyu, ciwon maƙogwaro mai zafi da zazzaɓi ba abin rainawa ba ne. A kai yaro wurin ma'aikacin lafiya, idan kuma an rubuta magani a shanye shi duka ko an ji sauƙi. Yaron da gaɓoɓinsa suka kumbura suna ciwo makonni kaɗan bayan ciwon maƙogwaro, a gaggauta kai shi asibiti.

Na uku, hawan jini yana cikin manyan abubuwan da ke jawo karkarwar zuciya, kuma ba ya sallama kafin ya shigo. Mu riƙa tuna wa manyanmu su auna, a rage gishiri da dunƙulen ɗanɗano a miya. Mu kanmu mu nisanci taba da giya, mu riƙa motsa jiki, domin ƙiba ma tana cikin sahun.

Na huɗu, mu haddace alamomin shanyewar ɓarin jiki: baki ya karkace, hannu ko ƙafa ta ɓari ɗaya ta mutu, magana ta sarƙe. Wanda aka ga haka a jikinsa, asibiti za a nufa da shi nan take, domin kowane minti ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ne ke mutuwa.

Ga masu sha'awar kimiyya kuma, ku lura da irin mutanen da wannan aiki ke buƙata. Akwai nas da ke ɗibar jini, da masanin kemistiri da ke sarrafa na'ura, da mai lissafi da ke tace katari daga gaskiya, da mai kwamfuta da ke adana bayanan dubban mutane, da injiniyan da zai tabbatar firiza ba ta mutu ba ko da an ɗauke wuta. Waɗanda suka ɗebi jini a 1987 sun yi ne don amsar da sai a 2015 aka samu, wasunsu ma sun yi ritaya kafin lokacin. Idan ana son sanin abin da jinin mutanen Kano, Sakkwato ko Maraɗi ke faɗa game da zukatansu nan da shekara ashirin, a zamaninmu ne za a fara tara shi, kuma darasin kemistiri da lissafin da za ku shiga gobe da safe shi ne matakin farko.